Karanta Abdu Mumuni daga Adar: littafin 1964 da sashen sinadarai na yau

A 1964 ne gidan ɗab'i na Maspero da ke Paris ya fitar da littafin L'éducation en Afrique, a kan sha'anin ilimi a Afirka, na wani malamin kimiyya haifaffen Tasawa mai shekara 35, Abdu Mumuni. An juya shi zuwa Ingilishi a 1968, gidan ɗab'i na Présence Africaine kuma ya sake buga shi a 1998, shekara bakwai bayan rasuwar mai shi. Tun 1992 babbar jami'ar Nijar da ke Yamai take amsa sunan wannan bawan Allah. Duk yaron Madawa ko Buza ko Keita da ya ci bak ya tafi Yamai, sunan ba ya barin bakinsa, amma a ganina littafin ya fi sunan buƙatar a riƙa ambatonsa. Shi ya sa na ɗauko shi, kuma zan auna shi da abu guda: sashen kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu, yadda ya tsiro, yadda ya girma, da abin da ya kawo wa mutanen Adar da kwarin Majiya da na Tarka.

Mai littafin ya san abin da yake magana a kai, domin ta cikinsa ya biyo. An haife shi a 1929, ya yi makarantar William Ponty ta Sanagal, inda Faransa ke horar da malamai da ma'aikatan da za su riƙe mata ƙasashen da ta mallaka. Daga nan ya wuce Paris, a 1956 ya ci babbar jarrabawar nan ta zama cikakken malamin fizik, wadda Faransawan kansu ke shan wuya kafin su haye. Ya koyar a Dakar. Da Gine ta ce a'a ga Janar de Gol a 1958, Faransa ta kwashe ma'aikatanta, yana cikin 'yan bokon Afirka da suka tafi Konakiri don kada azuzuwa su zauna ba malami. Ya je Tarayyar Sobiyet ya ƙaro sani kan makamashin rana, ya yi aiki a Bamako, a 1969 ya dawo gida ya riƙe ONERSOL, ofishin binciken amfani da hasken rana, inda aka riƙa ƙera na'urar ɗumama ruwa da murhun girki mai aiki da rana. A 1979 aka ba shi shugabancin jami'ar Yamai, ya rasu a 1991. Wannan tarihin yana jin kansa a kowane shafi. Rubutun na mutumin ɗakin gwaji ne: ya kawo magana, ya ajiye hujja da alƙaluma a gefenta, ya yanke hukunci, ya wuce.

Kashin farko, wanda ya yi a kan tarbiyyar gargajiya kafin zuwan Turawa, shi ya fi kama ni. A lokacin da ake koya wa yaran lakwal cewa kakanninsu ba su da ilimi, sai ga wanda ya kai ƙololuwar karatun Faransa yana nuna cewa akwai tsari, kuma tsari mai ma'ana: yaro na kowa ne, kowane babba malaminsa ne, ana koyo ne a cikin aiki, a gona da maƙera da masaƙa, ana tarbiyyar jiki da hali da hannu da tunani a tare, kuma ana bin shekarun yaro daki-daki, ba a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. Bai tsaya ga yabo ba. Ya nuna iyakar wannan tarbiyya, cewa ilimin da ya dogara ga baki da kwaikwayo yana da wuyar taruwa ya haɓaka.

Mutumin Adar ba ya buƙatar a je da shi nesa kafin ya ga gaskiyar ɓangarorin biyu. Maƙeranmu sun daɗe suna fitar da ƙarfe daga tama. Su tono dutsen, su farfasa shi, su gina dogon murhu na yumɓu, su zuba gawayi da tama, iska na shiga ta bututun da ke gindi, wuta ta ci har zafi ya kai wajen digiri 1200. Wata mai bincike Bafaransa, Nicole Échard, ta zauna da maƙeran Adar a shekarun 1960 har ta ɗauki aikin a fim. Abin da ke faruwa a cikin murhun nan shi ne darasin da ake karanta wa ɗalibin shekarar farko a sashen sinadarai: gawayi in ya ci wuta cikin ƙarancin iska yana fitar da wata iska mai ƙwace oksijin daga jikin tama, datti ya narke ya gangara, ƙarfe ya dunƙule. Haka majemi da ke jiƙa fata a ruwan bagaruwa, da marinin da ya san ranar da baba ya nuna a karofi ta launin kumfa da wari, da uwargidan da ke tace ruwan toka. Duk sun iya, kuma iyawar tasu ta gaske ce. Amma sirrin gida ne, daga uba sai ɗa, ba ma'auni a rubuce, ba bayanin dalili. Da ƙarfen Turawa da tarkacen mota suka cika kasuwa, wutar murhun tama ta mutu, sanin kuma ya bi tsofaffin zuwa kabari. Da an samu makarantar da ta ɗauki wannan sani ta rubuta shi, ta auna shi, ta ɗora a kai, da ba haka labarin ya ƙare ba. Irin makarantar da littafin ke nema ke nan.

Kashin da ya yi a kan makarantar mulkin mallaka ya fi tsawo da nauyi, kuma nan ne fushin marubucin ya fito, fushi mai tafe da hujja. Ya bi dokoki da tsare-tsare ɗaya bayan ɗaya ya nuna cewa an gina makarantar ne don samar da tafinta da akawu da ƙaramin malami da mai taimakon likita, daidai adadin da ofis ke so, ba ƙari. Kimiyya kuwa sai ɗan abin da ba a rasa ba. Mu a Nijar mun fi kowa ɗanɗana wannan: ranar da aka samu mulkin kai a 1960, yaran da ke lakwal ba su kai 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Duk wanda ke mamakin dalilin da ya sa sai bayan shekara goma sha ɗaya da 'yancin kai aka fara koyar da sinadarai a matakin jami'a a ƙasar nan, amsar tana cikin waɗannan shafuka.

A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai, kuma da kimiyya aka fara. An yi rabon aiki da maƙwabta: Yamai ta riƙe fannin kimiyya, Wagadugu ta riƙe na adabi da tarihi, ɗalibai na ƙetarawa nan da can. A 1973 cibiyar ta zama jami'a. A wannan shekarar ta 1971 ne kuma aka fara fitar da yuraniyom a Arlit, aikin da daga niƙa dutse har zuwa garin nan mai launin rawaya da ake durawa a ganga, sinadarai ne zalla. A farkon shekarun 1970 ɗin, wanda ya riƙe ma'aikatar ilimi masanin sinadarai ne, Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, mutumin Maraɗi, wanda daga 1974 ya shugabanci hukumar haɗin kan ƙasashe masu amfani da Faransanci. Daga wancan ɗan tushe sashen sinadarai na Yamai ya girma a cikin tsangayar kimiyya da fasaha, ya yaye malaman kwaleji da lise, da ma'aikatan ma'adinai da na ruwa, har ya kai ga ba da digirin dakta a gida. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. Ta Maraɗi, wadda ke amsa sunan Ɗan Dikko, tana da tsangayar kimiyya da sashen sinadarai nata, kuma ita ce mafi kusa da ɗan Madawa. Ta Tawa, mai sunan masanin tarihin Adar Djibo Hamani, ta fi karkata ga shari'a da tattalin arziki da horar da malamai. A ƙetaren iyaka kuwa, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tun 1962 take koyar da fannin, ta Sakkwato ta biyo a 1975.

Wannan ci gaba ne, kuma rabin burin Abdu Mumuni ke nan: 'ya'yan ƙasa su koyar da kimiyya a ƙasarsu, su yi bincike kan abin da ya dame ta. Ɗaya rabin, wanda ya fi dagewa a kai a kashin ƙarshe na littafin, shi ne harshe. Hujjarsa a fili take. Yaron da aka tarbe shi ranar farko da harshen da bai taɓa ji a gida ba, shekarun da ya kamata ya yi yana koyon tunani zai ƙare su yana kokawa da kalmomi. Ilimin da ya samu kuma ba zai koma gida ba, domin ba shi da bakin da zai faɗa wa uwarsa da ubansa. Saboda haka ya nemi a koyar da yara da manya cikin harsunan Afirka, a yi yaƙi da jahilci gadan-gadan, a haɗa makaranta da aikin hannu da noma. Wanda ya faɗi haka a 1964 ba malamin adabi ba ne da za a ce son harshe ya ɗebe shi. Malamin fizik ne, wanda ya san abin da lissafi da gwaji ke buƙata, ya kuma tabbata harsunanmu za su ɗauka in an yi musu aiki. Wannan ne ya ba maganar nauyi har yau.

Na taɓa zama a bayan wani aji na lise a yankinmu ana darasin haɗuwar ruwa mai tsami da mai kanwa-kanwa. Makarantar ba ta da ɗakin gwaji. Malamin ya zana kwalba da bututu a allo da alli, yara na kwafa, suna haddace launin da ruwan zai koma, launin da ba su taɓa gani da ido ba. Da ya ga fuskokin sun yi shiru, sai ya aika aka sayo ruwan soɓo, ya raba a kofi uku. Ya matsa lemun tsami a na farko, ja ya ƙara haske. Ya ɗiga ruwan kanwa a na biyu, nan take ya yi duhu ya juya zuwa kore-kore. Ya ɗebi na farkon ya riƙa zubawa a na biyun kaɗan-kaɗan har ja ya dawo, yana bayani da Hausa. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Mushe, ashe shi ya sa inna ke jefa kanwa in miyar yakuwa ta cika tsami." Ya ce, "Shi ke nan, kin gane darasin. Saura ki koyi auna ko nawa za a jefa." Abin da littafi ya yi shafuka yana kare shi, na gan shi a kofi uku, kuma na tabbata yarinyar nan ta tafi da shi gida.

Yanzu a dubi ƙasar da waɗannan yara za su koma. Gonakin Sahel sun shahara da ƙarancin sinadarin fosfor, wanda in babu shi saiwar hatsi ba ta kama ƙasa da wuri. Alhali a jihar Tawa akwai dutsen fosfat, kuma gwaje-gwajen da cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, da cibiyar ICRISAT ta Sadore suka yi sun nuna in an niƙa shi an zuba a gona yana aiki, sai dai a hankali yake narkewa, amfaninsa ya fi fitowa a damina ta biyu da ta uku. Daga irin wannan bincike ne aka fito da dabarar sa ɗan taki kaɗan a kowane rami lokacin shuka, abin da bai wuce cikin murfin kwalba ba, maimakon watsa buhu a gona. A Malbaza tun shekarun 1960 ake gasa dutsen farar ƙasa ana yin siminti. A Keita, bayan farin 1984, babban aikin raya karkara da Italiya ta ba da kuɗinsa tare da hukumar noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, da hukumar abinci ta duniya ya farfaɗo da fiye da hekta dubu 30 na ƙasar da ta mutu, aka dasa itatuwa miliyoyi, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan duwatsun a ka. A kwarin Majiya, wajen Buza, tun 1975 aka fara jera layukan dogon yaro don tare iska. Duk waɗannan suna da tambayoyin da sai mai sanin sinadarai zai amsa: me ƙasar da aka farfaɗo ta rasa, me ruwan da aka tare ya ƙunsa, wane taki ya dace da fadama, wane ya dace da jigawa.

Sai albasa, wadda ita ce dukiyar Madawa da kwarin Tarka, irin nan na Galmi da ake loda wa manyan motoci zuwa Gana da Kodebuwa. Na tsaya kan wani dattijo a garkarsa yana haɗa maganin feshi da hannu tsirara, ba safa ba ƙyalle a hanci. Rubutun jikin kwalbar da harshen waje yake, shi kuma ko da ajami aka rubuta ya fi masa sauƙi. Na ce, "Kawu, wa ya ba ka wannan ma'auni?" Ya ce, "Ɗana, mai shago ya ce murfi biyu. Na ga ƙwarin sun yi yawa bana, na ƙara ɗaya." Abin da murfi na ukun nan ke yi wa huhunsa da fatarsa da ruwan rijiyar garka, da ranakun da ya kamata a jira tsakanin feshi da cire amfani, da haɗarin piya-piyan da ake zubawa a buhun wake, duk sanannu ne a sashen sinadarai, an rubuta su a kundayen kammala karatu da ke jere a kanta a Yamai da Maraɗi, cikin Faransanci. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana.

In wani na ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da Tibiri ta Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin suka sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai ɗauke da sinadarin fuloraid da ya ninka abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da shi, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Ɗaruruwan yara suka tashi da lanƙwasassun ƙafafu da lalatattun haƙora. Gwajin da zai gano wannan ba ya cin yini guda. Abin da aka rasa shi ne wanda zai auna a kan lokaci, da jama'ar da ta san tana da haƙƙin tambayar me ke cikin ruwan da take sha.

Littafin yana da nasa giɓin, kuma girmama marubucin ne a faɗe shi. Sunansa ya ce Afirka, amma ƙasashen da Faransa ta mallaka ne suka cika shi. Mai karatu a Madawa, wanda kasuwancinsa da danginsa rabi suna ƙetaren iyaka, zai so a ce an kwatanta da Arewacin Najeriya, inda aka fara karatun boko da Hausa tun makarantar Ɗan Hausa ta Nasarawa a Kano a 1909, aka kuma fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939. Wannan kwatanci da ya ƙarfafa hujjarsa, da kuma ya gargaɗe shi, domin can ɗin ma Hausa ta tsaya a azuzuwan farko, ba ta shiga ɗakin gwaji ba. Harshe shi kaɗai bai isa ba sai da littattafai da kalmomin fanni da aka yarda da su da malamin da aka horar a kansu. Haka kuma bayaninsa kan tarbiyyar gargajiya ya yi jimla da yawa, ya ɗauki nahiya guda kamar gari ɗaya. Ba'adare sai ya cike da kansa wurin maƙeri da malamin allo da mai ajami.

Abu na biyu, ya dogara ƙwarai ga gwamnati mai tsari da niyya, wadda za ta zana shiri ta bi shi shekara da shekaru. Zamaninsa ke nan, da abin da ya gani a ƙasashen gurguzu. Lokacin da ya rubuta littafin bai ga faɗuwar kuɗin yuraniyom a shekarun 1980 ba tukuna, da matsin tattalin arzikin da ya biyo baya, da ranar 9 ga Fabrairun 1990 da aka harbe ɗalibai a gadar Kennedy, da shekarun karatun da suka tafi a banza. Fannin sinadarai ya fi kowanne jin irin wannan yunwa, domin malamin tarihi na iya koyarwa a gindin bishiya, amma mai sinadarai sai da ruwan gwaji da kwalabe da wutar da ba ta ɗaukewa. Alƙaluman littafin ma sun tsufa, abin da ba laifinsa ba ne. Mai karatu na iya tsallake jadawalan ya kama hujjar.

Duk da haka, abin da aka gwada daga shawararsa bai ba shi kunya ba. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, wasu harsunan ƙasa suka biyo baya, sai dai an bar su a matsayin gwaji shekara da shekaru. A 2025 kundin da hukumomin ƙasa suka fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ko me mutum ke gani game da siyasar abin, tambayar da littafin 1964 ya ajiye ta dawo kan tebur, kuma malaman kimiyya ne ya kamata su fara amsa ta, kamar yadda ɗaya daga cikinsu ne ya fara yin ta.

Hukuncina shi ne littafin nan ya cancanci karatu fiye da yawancin abin da aka rubuta bayansa a kan makarantarmu, kuma bai kamata a yaye malamin kimiyya a Nijar bai karanta shi ba. Roƙona ga malaman sashen sinadarai na Yamai da Maraɗi, da masu horar da malamai a Tawa: ku haɗa hannu da masana harshe ku fitar da shi cikin Hausa, ko da kashin farko da na ƙarshe ne. Sannan duk ɗalibin da ya yi kundi a kan ruwa ko taki ko maganin feshi na Adar, a wajabta masa shafi biyu da Hausa, a boko da ajami, ya kai wa gidajen rediyon karkara na Madawa da Buza da Keita a karanta wa manoma kafin lokacin dashen albasa.